Mota Na Ja Gefe: A Hau Na'urar Alaimen Ko A Fara Shiga Ƙarƙashi?

Duk wanda ya daɗe da tsohuwar mota mai ja da ƙafa huɗu ya san wannan ranar. Kana kan miƙaƙƙen titi, ka ɗan sassauta hannu, sai hancin motar ya fara zamewa gefe kamar ana kiranta. Ka dawo da ita, ta sake tafiya. Kafin awa ɗaya kafaɗa ta riƙe. Shawarar da za ka fara ji ita ce "je ka yi alaimen". Mai gyaran ƙafa kuwa zai ce a ɗaga motar a bi ta da hannu da liba. Akwai kuma hanyar masu gajen haƙuri: a sauke kayan ƙafar gaba ɗaya a ɗaura sababbi. Kowace a cikin ukun tana da ranar da take daidai. Abin da ke cinye kuɗin mutane shi ne wadda aka fara da ita.

Ni dai a tsohuwar mota hannu nake sa wa gaba, na'ura ta zo ƙarshe. Amma gara in shimfiɗa abin da kowace hanya ke gani da abin da ke kuɓuce mata, domin akwai wuraren da hannu makaho ne ƙirin.

Na'urar alaimen ma'auni ce, ba likita ba. Ana maƙala wa kowace taya abin awo, kwamfuta ta karanta yadda tayoyin suke tsaye, ta gwada da lambobin da kamfanin motar ya bayar. Kusurwa uku take dubawa. Kamba ita ce kishingiɗar taya idan ka tsaya a gaban mota, wato samanta ya jingina ciki ko ya buɗe waje. Kasta ita ce karkatar layin da taya ke juyawa a kansa idan ka kalle ta daga gefe. Dubi ƙafar gaban keke yadda ta miƙe gaba: wannan karkatar ce ke sa keke ya riƙe hanya ko an saki hannu, ita ce kuma ke mayar da sitiyari tsakiya bayan an sha kwana. Ta uku ita ce to-in, saitin hancin tayoyi, ko suna fuskantar juna ko suna gudun juna.

Mota tana bin gefen da saman tayarsa ya fi buɗewa waje, tana kuma bin gefen da kastarsa ta fi ƙanƙanta. Bambancin da ya haura rabin digiri tsakanin hagu da dama ya isa hannu ya ji shi. Saitin hanci kuwa ba ya cika jan mota gefe. Tayoyin gaba biyu a ɗaure suke da sanda ɗaya, don haka in saitin ya ɓaci sai su raba kuskuren tsakaninsu, motar ta miƙe, sitiyari ya zauna a karkace, taya ta riƙa cinyewa. Abin takaici, wannan kusurwar da ta fi kowace wanke kanta daga laifin ja ita ce kaɗai ake taɓawa a yawancin wuraren alaimen. A kwance noti, a murɗa tarod, sandar da ke kai juyin sitiyari ga taya, allo ya nuna kore, a miƙo maka takarda. Ka fita titi, motar na nan yadda take.

A nan irin ƙafar motarka ke shigowa, kuma ita ce ke yanke rabin hukuncin. Tsofaffin motocin nan kashi biyu ne. Akwai masu aksil guda a gaba, ƙarfe ɗaya daga taya zuwa taya: Land Cruiser 70 da ta fara fitowa a 1984, Land Cruiser 80 ta 1990 zuwa 1997, Nissan Patrol Y60 da Y61, Land Rover Defender, Jeep Wrangler. Akwai kuma waɗanda kowace tayar gaba ke motsi ita kaɗai a kan hannuwanta, irin Pajero ta 1991 zuwa 1999, Prado 90, da Land Cruiser 100 da ta zo a 1998 da sandar murɗa a madadin sifirin gaba. A mai aksil guda, kamba a ƙere take cikin ƙarfen, babu notin da za a juya. Kasta ma sai an sauya bushi, wato robar da ke cikin gaɓoɓin ƙafa, ko an sa farantin gyara, in mai sifirin ganye ce a cusa ɗan ƙarfe mai tsini ɗaya a ƙarƙashin ganyen. Abin da mai na'ura zai iya saita maka a ranar shi ne hanci da tsakiyar sitiyari, shi ke nan. A mai hannuwa kuwa ana saita kamba da kasta da bol mai kai a karkace ko da siraran faranti, don haka na'ura tana da aikin yi sosai. Sai dai a motar da ta shekara ashirin ko talatin, sau da yawa tsatsa ta manne bol ɗin da bututun cikin bushi, ba ya juyawa sai an yanke. Tambayi mai aikin kafin ya fara ko zai iya motsa su. In ya ce "za mu gani", to hanci kaɗai za ka samu.

Babban raunin na'ura shi ne tana auna motar da ke tsaye cik. In kan tarod yana da wasa, ko bushi ya ruɓe, lambar da allo ya nuna ta wannan daƙiƙar ce kawai. Da motar ta faɗa ramin farko kusurwar ta koma wani wuri. Saita ƙafar da ke lilo kamar auna tsayin yaro ne yana tsalle. Sannan akwai abubuwan da ke jan mota waɗanda ba kusurwa ba ne sam, kuma su ne suka fi yawa.

Taya ce ta farko. Iska kaɗan a taya ɗaya ta gaba tana jan mota zuwa gefenta, don haka a auna dukkan huɗun da geji, da sanyinsu, kafin a yi wata magana. A duba ko girmansu ɗaya ne, zanensu ɗaya, cinyewarsu ta yi kusa. Akwai kuma tayar da waya ta cikinta ba ta zauna a tsakiya ba, ko daga ƙira ko bayan ta sha duka, sai ta riƙa gangarawa kamar mazurari, kullum tana neman gefe ɗaya. Ido ba ya ganin wannan, na'urar alaimen ma ba ta gani. Gwajinsa ba ya cin komai: a musanya tayoyin gaba, ta hagu ta koma dama. In jan ya koma ɗaya gefen ko ya ɓace, an kama ɓarawon. In tayar mai kibiya ce a jikinta, wadda ke da fuskar juyawa ɗaya, musanyar ta gwaji ce ta ɗan lokaci, ko kuma a sauya ta gaba da ta baya a gefe ɗaya, ɗaya bayan ɗaya. Na taɓa biyan kuɗin alaimen sau biyu a wata ɗaya a wani gareji, na dawo motar na ja dama yadda take, kafin wani dattijon makanike ya ce in sauya tayoyin a gabansa. Minti ashirin, motar ta koma jan hagu. Har yau in na tuna kunya nake ji.

Kafin ka zargi motar ma, ka zargi titin. Ana gina titi da tudu a tsakiya don ruwa ya gangara, saboda haka kowace mota tana ɗan zamewa zuwa bakin hanya: dama a ƙasashen da ake tuƙi ta dama, hagu a irin su Ingila da Japan da Ostareliya. Manyan tayoyi suna ƙara wannan. Nemi fili shimfiɗaɗɗe, ka je ka dawo a layi ɗaya. Motar da ke ja da gaske za ta ja gefe ɗaya na jikinta a zuwa da dawowa.

Sai birki. Kaliba, ƙarfen da ke matse fatar birki a kan faifai, in ta maƙale tana riƙe taya ɗaya ko ba a taka ba, motar ta bi wannan gefen. Alamarta ita ce jan yana ƙaruwa da tafiya, ba ya nan sosai da safe. Yi tafiyar kilomita biyar ko goma ba tare da yawan taka birki ba, ka tsaya, ka kusantar da bayan hannu ga kowane wili. Kada ka taɓa faifan birkin, yana ƙona fata. Wanda ya fi zafi ko yake wari shi ne. Wani lokacin kalibar lafiyarta ƙalau, tiyon roba ne ya rufta daga ciki, yana barin mai ya shiga ba ya barinsa ya koma. In kuwa sai an taka birki motar ke fizga, ka tuna tana gudu ne zuwa gefen da ke kamawa da kyau, matsalar tana ɗaya gefen. A masu aksil guda, in sil ɗin cikin aksil ya mutu, man dif, wato man giyar da ke cikin aksil, yana gangarowa ya haɗu da giris ɗin ƙwallon gwiwa, inda taya ke juyawa a ƙarshen aksil, ya narkar da shi, ya tsiyayo ta bayan wili. In ka ga baƙin kunu a wurin, ka duba ko ya kai ga fatar birki.

Bayan waɗannan ne ake shiga ƙarƙashi, kuma gwajin da ya fi kowane fa'ida ana yinsa ne tayoyi na ƙasa, nauyin motar na kansu. Mutum ɗaya ya zauna yana kaɗa sitiyari hagu da dama kaɗan-kaɗan, da sauri, ɗaya ya kwanta da tocila yana bin kowace gaɓa. Ɗora yatsa a kan kowane kan tarod: in gefe ɗaya ya motsa kafin ɗaya ya biyo, ya mutu. A mai aksil guda da sifirin murɗi, idonka ya fi zama kan sandar Panhard, wadda ta ratsa daga shasi zuwa aksil, ita kaɗai ke hana aksil ɗin zamewa gefe. In bushinta ya ci ko ramin bol ɗinta ya faɗaɗa, za ka ga jikin motar na tafiya gefe kafin taya ta juya. A masu hannuwa da akwatin sitiyari, irin Pajero, hannun da ke riƙe sandar tsakiya a ɗaya gefen shasi yana yawan saki, yana hawa yana sauka. A masu rak, wato sitiyari mai sanda mai haƙora maimakon akwati, irin Land Cruiser 100 da Prado 90, robobin da ke ɗaure rak ɗin da shasi ne ke laushi, musamman in mai ya daɗe yana zuba a kansu. Dubi shasin kansa a inda akwatin sitiyari ke ɗaure, domin manyan tayoyi da muguwar hanya suna tsaga wurin.

Wasan sitiyari kafin taya ta amsa bai kamata ya wuce santimita 3 zuwa 4 a bakin da'irar ba. Akwatin sitiyari yana da sukurun ɗaurewa a samansa, kuma shi ne abin da hannun mai gaggawa ke fara kaiwa. A bar shi sai an tabbata sauran gaɓoɓin lafiya suke. In aka matse shi da yawa sitiyari ya daina komawa tsakiya, haƙoran ciki su fara cin juna.

Sannan a ɗaga, a kan ƙafar ƙarfe, ba a kan jak kaɗai ba, domin yawancin waɗannan motoci suna kusan tan biyu ko sun haura. Kama taya sama da ƙasa ka girgiza. In akwai wasa, a taka birki a sake. Wasan ya ɓace? Boris ɗin wili ne. Yana nan? Boljoyin ne, gaɓa mai ƙwallo a ƙarshen hannun ƙafa, ko boris ɗin sama da ƙasa na gwiwa a mai aksil guda. Waɗannan boris na gwiwa suna da wata muguwar ɗabi'a: da yake ba sa zagayawa, wuri ɗaya suke shan duka shekara da shekaru, har ƙananan ramuka su fito a mazauninsu. Sai motar ta koyi riƙo. Ka sha kwanar dama ta ci gaba da jan dama, ka sha ta hagu ta koma jan hagu. Duk jan da ke sauya gefe bayan kwana, wani abu ne ke cijewa, ba kusurwa ba ce. Cire kan tarod ka juya gwiwar da hannu, za ka ji tana tsalle daki-daki maimakon sulɓi. Babu na'urar alaimen da za ta gaya maka wannan.

Baya ma tana tuƙa mota, mutane sukan manta. Motar da ke jan gefe ɗaya in an taka totur, ta koma ɗaya gefen in an saki, aksil ɗin bayanta ne ke yawo: bushin hannuwan baya, ko maɗaurin sifirin ganye da ya saki, ko bol ɗin tsakiyar ganyen da ya karye. Tef ya isa fara bincike. Auna daga tsakiyar wilin gaba zuwa tsakiyar na baya a gefe biyu, tayoyi a miƙe. Auna kuma daga tsakiyar kowane wili zuwa bakin madigadi, a fili mai daidai, don a ga ko wani sifirin ya zauna. A masu sandar murɗa, gefe ɗaya yakan sauka, kamba ta bi shi, kuma ana ɗaga shi da bol. Tsayin nan dole a daidaita shi kafin alaimen, ba bayansa ba. Shokozoba kuwa ana ɗora mata laifin da ba nata ba. Ba ta ɗaukar nauyin mota, ba ta cika sa ja ba. Mutuwarta tana bayyana ne a tangaɗi bayan rami, da mai a jikinta, da taya mai cin kwari-kwari.

To ina hannu ke gazawa? A kasta, da farko. Ba a ganinta da ido, sai an juya taya hagu da dama a kan faranti ana karanta sauyin kamba. Haka aksil da ya ɗan lanƙwashe bayan tsalle ko karo, ko shasi da ya murɗe, ko aksil ɗin baya da ke kallon gefe da ɗan abin da tef ba zai kama ba. Kuma binciken hannu ya dogara ga mai hannun. Makanike biyu za su girgiza taya ɗaya, ɗaya ya ce lafiya, ɗaya ya ce a sauya. Takardar na'ura ba ta da ra'ayi. Don haka akwai lokutan da zan ce a fara da na'ura: motar da ta fara ja nan take bayan ta daki dutse ko ta yi karo, motar da ka saya ba ka san tarihinta ba, da motar da aka ƙara wa tsayi. A waɗannan, ka biya a auna kawai, tayoyi huɗu, kada a saita komai, ka karɓi takardar da lambobin hagu da dama. Awo ne kake saye, kuma shi ke nuna wa mai hannu inda zai duba.

Ƙarin tsayi yana buƙatar magana ta musamman. A mota mai aksil guda da dogayen hannuwa daga shasi, in aka sa sifirin da ya ɗaga ta ko da milimita 50, hannuwan suna sunkuyawa, aksil ya mirgina gaba, kasta ta ragu. Motar ta koma yawo a titi, tana bin kowane layin kwalta, sitiyari ya yi sakayau. Sandar Panhard kuma tana jan aksil ɗin gefe ɗaya. Mai motar zai rantse wani abu ya lalace, alhali komai sabo ne. Maganin bushin gyaran kasta ne ko faranti, da sandar Panhard mai saiti, kuma sai da lambar na'ura za a san yawan gyaran.

Hanya ta uku, ta sauke komai, ba wauta ba ce ko yaushe. In an bi ƙafa an tarar bushi uku cikin biyar sun tsage, kawunan tarod biyu na wasa, kuma motar ba ta taɓa ganin gyaran ƙafa ba, sauya ɗaya-ɗaya asara ce: kowane sabon ƙarfe sai an sake alaimen, kuma tsofaffin da suka rage suna gajiyar da sabon. Wanda zai yi doguwar tafiya inda babu gareji shi ma yana da hujja. Amma wanda ya sauya komai ba tare da bincike ba yakan dawo da jan nan yadda yake, domin taya da birki da lanƙwasasshen aksil ba sa cikin kwalin da ya saya. Ga kuma haɗarin cire ƙarfen asali mai sauran rai a sa na banza. In za a sa bushi, na roba ya fi dacewa da hannuwan da ke murɗawa a kan duwatsu, yana kuma shanye girgiza. Na foliyuritan, wani irin filastik, ya fi tauri, ya fi jure mai, yana kaifafa sitiyari, amma yana son giris, yana yin ƙara in ya bushe, yana kuma miƙa dukan hanya ga maɗaurai. In na roba aka zaɓa, ba a matse bol ɗinsa sai motar ta sauka ta zauna da nauyinta. Wanda aka matse taya na lilo a sama yana zama a murɗe, ba ya daɗewa.

Abin da na fi ƙi a wannan hanya shi ne dampar sitiyari, ƴar shokozobar nan da ke kwance a gaba. In mai aksil guda ta fara wannan rawar mai tsoratarwa, wadda ke tashi bayan rami a gudun kilomita 70 ko 80 har sai an rage gudu sosai, sai a ce a sa babbar dampa. An bar jaki ana dukan taiki. Dampa tana rufe rawar, ba ta kashe tushenta, wanda galibi yake sandar Panhard, boris ɗin gwiwa, ƙarancin kasta ko tayar da ba ta da balansi. Wasu dampobin masu gas ma su da kansu suke tura sitiyari gefe ɗaya. Kwance ta ka zaga a hankali a wuri marar cunkoso. In jan ya tafi, ita ce. Girgiza kuma da ke zuwa a gudu ɗaya ta wuce in an ƙara, ba tare da rami ba, balansi ne, ko busasshen taɓo a cikin wili.

Abu ɗaya na ƙarshe da ya keɓanta da waɗannan motoci: tabbata ba a bar giyar ƙafa huɗu a ciki ba. A motar da ba ta da dif na tsakiya, tafiya da ita a kan busasshiyar kwalta tana ɗaure ƙafafu, sitiyari ya yi nauyi, motar ta riƙa tsalle a kwana. Duba makullan hob da ke tsakiyar wilin gaba su ma, su kasance duka a buɗe ko duka a kulle.

In mai aksil guda ce da kai, kuma jan a hankali ya shigo, rana ɗaya da geji da tef da liba da mutum na biyu za ta kama yawancin laifuffukan, na'ura ta zo bayan gyara don saita hanci. In mai hannuwa ce, binciken ɗaya ne, amma kada ka tsallake na'ura bayan an taɓa kowane hannu ko sandar murɗa, kuma ka tsaya a gaban allon ka ga kamba da kasta sun motsa. In ka karɓi takarda, kada ka tsaya a kan launin kore. Kasta ta hagu tana iya zama a ƙasan iyakarta, ta dama a saman tata, dukkansu kore, bambancinsu ya kusa digiri ɗaya. Ɗebe lambar hagu daga ta dama da kanka kafin a sauko da motar.